Kundin Malam Tsoho a Madina

Da sunan Allah nake farawa, Shi Ya kai mu, Shi Ya dawo da mu.

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kitso sai da ta tsayar da hannu a tsakiyar kaina ta ce in ba ta labarin Madina. Kowa guntu nake ba shi, in yi zancen dabino da kyan masallaci in yi shiru. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ku yi haƙuri da rubutun, a firamare na tsaya.

Da yawanku kun ɗauka umara ce kawai ta kai mu. Mun yi umara, amma aiki ne ya kai maigidana, Abban Walida. Yana aiki a ɗakin ajiye tsofaffin littattafai a nan Kano, irin na rubutun hannu. Aka zaɓe shi tare da wasu daga Nijar da Mali su je wani ɗakin karatu a Madina, a koya musu yadda ake ɗaukar hoton littafi shafi-shafi a zuba a kwamfuta. Aka ce kowa ya zo da littafi ɗaya na ƙasarsu da zai koyi aikin a kansa. Na ofis ba a yarda a fita da su ba. Ta nan maganar ta biyo ta kaina.

Mahaifina, Baffa, yana Kazaure, kuma yana da adaka cike da littattafan mahaifinsa, Malam Tsoho. Abban Walida ya daɗe yana roƙon ya gan su, don gara ta fara taɓa gindin adakar, Baffa yana ce masa 'yan boko in sun ari littafi sai ya zama na gwamnati. Amma da ya ji an ce Madina, sai ya sauko. Ya ɗauko kundi ɗaya a cikin gafakarsa ta fata, na addu'o'i da magunguna, wanda Malam Tsoho ya rubuta da hannunsa. Ba ɗinkakke ba ne, falle-falle ne, kamar yadda malamanmu suke ajiye nasu. Surukin nasa ya miƙa hannu, Baffa ya wuce shi ya ɗora mini a cinya.

"Ke na ba, Rakiya, ba shi ba," in ji shi. "Inda kika kwana nan zai kwana. In ya dawo yadda ya tafi, zan buɗe muku adakar ku ɗauki hoton sauran."

Haka aka yi ta fafutuka har aka samu aka sa sunana da na 'yarmu Walida a tafiyar. A lokacin ta fara takawa, tana shan nono. Kun san ni da tsoro a kanta, ko atishawa ta yi sai na taɓa goshinta. Ana gobe za mu tashi wani abokin aikin Abban Walida ya ce lallai a cire layar da ke wuyanta, don can ba sa son ganin laya. Da hannuna na kwance ta na bar wa Inna. Tun daga nan nake jin kamar tsirara na ɗauko yarinyar.

A filin jirgin Kano mun yini muna jira. A cikin jirgi ban ci komai ba, hannu ɗaya yana kan Walida, ɗaya yana kan gafaka a ƙarƙashin hijabina. Matar da ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa da ta saba hanya, ta tambaye ni ko zinari na ɓoye. Na ce littafi ne. Ta kalle ni ta juya ta yi barcinta.

A Jidda daddawa ce ta fara ja mana. Mai duba kaya ya buɗe ƙullin, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya shinshina, suka yi ta dariya. Kuka da yaji suka wuce, daddawa ta tsaya a can. Sai ya hango gafakar. Ya kwance ta, ya ga zanen hatimi a wasu shafuka, fuskarsa ta canza, na ji yana maimaita kalmar sihiri. Yana juya takardun da yatsa ɗaya, wani falle ya zame ya faɗi ƙasa, na durƙusa na ɗauke shi tun kafin wani ya taka. Abban Walida ya nuna takardar gayyata ta ɗakin karatun, aka yi waya, aka bar mu muka wuce.

Motar Madina sanyinta ya fi na firji. Na naɗe Walida da zane biyu. Muka tsaya cin abinci a hanya, aka kai mu wani ɗan ɗaki mai labule, na masu iyali, aka kawo shinkafa da kaza a faranti ɗaya babba aka ajiye a ƙasa. Abin da na lura da shi, gaisuwarsu gajera ce ga baƙo. Na gaida matar da ke ɗakin kusa, ina shirin tambayar gajiya da yara, sai na ga har ta saki labule.

Sauran ɗaliban an sauke su a masaukin maza. Mu da yake da iyali, malamin da zai koyar da su, Ustaz Usman, Bahaushen Sudan ne, ya nema mana ɗaki a gidan gwaggon matarsa a unguwar Ranuna, kusa da masallacin Ƙuba. Sunanta Hajja Zara. Daga Cadi iyayenta suka taho da ita tana ƙarama, ba ta ƙara komawa ba. Tsohuwa ce gajera mai ƙiba, mai son mutane, Hausarta rabi Larabci. Jikokinta 'yan mata suna jin duk abin da na faɗa, amma da Larabci suke ba ni amsa, sai ta yi musu tsawa ta ce sun sayar da bakinsu. Da na ba ta kuka ta rungume ƙullin kamar jariri. Da ta ji labarin daddawa kuwa, ta yi wa mai duba kayan nan addu'ar da ba zan rubuta ba.

Da safe wake ake ci, dafaffe an dama shi da mai, da wani burodi mai faɗi kamar faifai. Ba koko, ba ƙosai. Gahawa kuma ba a cika kofi, ɗan kaɗan ake zubawa, kina shanyewa a ƙara, sai kin girgiza kofin za a ƙyale ki. Ban sani ba, na yi ta sha har zuciyata ta riƙa bugawa, 'yan matan suna ƙunshe dariya. Hajja ta ɗauke mini Walida tun ranar farko, tana kiranta ƙawata, tana tauna mata dabino.

Kullum da safe Abban Walida zai karɓi kundin, da la'asar ya dawo mini da shi in sa a ƙarƙashin matashi. Yana ba ni labarin aikin kaɗan-kaɗan, don ba mai yawan magana ba ne. An hana su lasar yatsa in za su juya shafi, kuma duk cikinsu ba wanda bai saba da hakan ba, har Ustaz ya ce zai shafa musu barkono. An hana su shiga da shayi ko biro. Sai an wanke hannu an bushe, ba turare, ba mai. Ana share ƙura da burushi mai laushi irin na kwalliya.

A ƙarshen makon farko Ustaz ya ce a zo da ni, tunda ni ce mai littafin, in ga abin da ake yi da shi. Ɗaki ne mai sanyi ba taga. Kyamara tana rataye a kan wani ƙarfe tana kallon ƙasa, fitila biyu a gefe, an shimfiɗa baƙin ƙyalle. Ustaz ya danna wani abu, sai ga rubutun Malam Tsoho ya cika gilashin kwamfuta, kowane harafi ya kai tsawon yatsana. Na ga inda alƙalaminsa ya yi targaɗe, na ga inda ya sake dangwalo tawada. Ni ban taɓa ganin kakana ba, kafin a haife ni ya rasu. Hawaye suka zubo mini. Ustaz ya yi ta wucewa da shafukan har ƙarshe, ya ce mini, "Kin gani, ya ukhti? Yanzu ko wuta ta ci takarda, rubutun bai mutu ba."

Da na koma gida na kwashe duka na gaya wa Hajja, har da ƙari. Na ce kundin nan yanzu yana cikin kwamfuta gaba ɗaya, in an ga dama a fito da shi sau ɗari.

A mako na biyu Walida ta kwanta. Zazzaɓi, gudawa, ta ƙi nono. Ko haƙori ne, ko shiga sanyi da fita rana, ban sani ba. Muka kai ta asibiti, likita ya rubuta magani, aka samu ɗaya a kusa, ɗayan aka ce sai a unguwar Aziziyya. A makon ana koya musu yadda ake sa wa hotuna suna ne, ba a bukatar littafi, don haka kundin yana wurina.

Da safen nan na zauna ina kuka a gaban Hajja. Na ce da a gida ne, da tuni Baffa ya yi mata rubutu. Akwai falle ɗaya a kundin, an sa masa jan zare a gefe, addu'ar zazzaɓin yara ce. Duk yaron da ya kwanta a gidanmu, ita Baffa yake kwafa a allo a wanke a ba shi, ni ma na sha ta ba adadi. Na buɗe na nuna mata. Na tambaye ta ko akwai malamin da zai kwafa mana. Ta ce a nan ba allo, ba tawada irin tamu, masu yin rubutun sha ɓoyewa suke yi, ita kuma ba ta iya rubutu ba. Ni ma jan baƙi kawai na iya, in na ce zan kwafi rubutun Malam Tsoho ɓata shi zan yi.

Walida ta samu barci a cinyar Hajja, rana kuma ta yi zafi, sai Hajja ta ce in bar ta in bi babbar jikarta mu je mu karɓo maganin. Ban mayar da kundin ƙarƙashin matashi ba, a kan darduma na bar shi. Mai kantin maganin mutumin Zariya ne, da ya ji Hausata ya yi ta jana da hira, yana tambayar ko har yanzu ana sayar da gurasa a bakin Kurmi. Ya kwantar mini da hankali, ya ce yara da yawa suna yin haka in sun zo. Na fito ina jin sauƙi.

Da na shiga ɗaki, abin da na fara gani shi ne bakin Walida, gefensa ya yi baƙi. Sai ƙaramar tasa da sauran ruwa mai launin toka. Sai faranti a gaban fanka, an shimfiɗa falle a kai, jiƙe, jan zaren yana manne da shi. Tawadar malamanmu kun san ta, gawayi ce da ƙaro, don a wanke ta aka yi ta. Ba abin da ya rage sai dusu-dusu.

Na ce, "Hajja, me kika yi?"

"Abin da hannunki ya kasa, ya binti," in ji ta, tana murmushi. "Ta shanye, har ta nemi ƙari. Ba ke kika ce yana cikin kwamfuta ba? Su fito miki da wani."

Wallahi a lokacin har na ɗan samu natsuwa. Na ce a raina, takardar ta tafi, Baffa zai yi faɗa, amma rubutun yana nan, za a fito da shi a kai masa har ya fi na da girma. Na ba Walida maganin kanti, na zauna ina jiran la'asar.

Abban Walida ya shigo, ya ga farantin. Bai cire takalmi ba ya tsuguna a gabansa. Na yi sauri na ce masa ai ba komai tunda an ɗauka.

"Waɗancan na koyo ne," in ji shi. "Hasken bai yi daidai ba. An goge su duka, namu da na kowa. A makon ƙarshe za a ɗauki na gaske."

Ashe a aikin nan ba a cewa an adana shafi sai an duba hoton an tabbatar, an sa masa suna, an kwafe shi a faifan kwamfuta biyu an ajiye a wuri biyu. Wanda na gani a gilashi bai kai ko matakin farko ba. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya faɗa mini ranar da aka goge. Daga nan ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Ustaz Usman ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kira wani mai gyaran kwamfuta ya bincika ko hotunan sun bar saura, aka tarar hotunan wasu sun hau kansu. Ya sa fallen a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, aka ga ɗan jan tawada na kan layi da sawun alƙalami, amma ba a iya karanta ko kalma. Ya aiko matarsa ta ba ni haƙuri, wai maganar da ya yi mini ta wuta ta yi gaba da aikin. Abban Walida ya ce washegari Ustaz ya tsayar da darasi ya ce musu, in sun koma ƙasashensu, kada su kuskura su ce wa mai littafi an gama sai faifai yana hannunsa. Bai ambaci sunana ba, amma duk sun san kundin waye.

A makon ƙarshe aka ɗauki na gaske. Abban Walida ya so a tsallake fallen, Ustaz ya ƙi, ya ce abin da ke nan shi ake ɗauka, ba abin da ake so ya kasance ba. Don haka a faifan da muka dawo da shi akwai hoton takarda wankakkiya a tsakiyar kundin, gaba da baya.

Walida ta warke. Kada ku tambaye ni wanne ne ya yi aiki, Allah ne Ya ba ta lafiya. Hajja dai ba ta da shakka. Da farko ko a jikinta, in ta ga na yi tagumi sai ta ce, yarinya ta tashi ko ba ta tashi ba? Sai da matar Ustaz ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ranar ba ta fito cin abinci ba. Na kasa jin haushinta. Matar da ta bar barcinta saboda 'yata, ta ya zan yi?

Kuna yawan tambayata Rauda. Na shiga, a lokacin da ake buɗe wa mata, cikin turereniya, Walida a ƙirjina, wata Baturkiya ta tare mini mutane da jikinta har na yi raka'a biyu. Na yi shekaru ina tara abin da zan roƙa in na isa wurin. Da na yi sujada ba abin da ya zo bakina sai Allah Ya sanyaya zuciyar Baffa. Haka a Makka. Ina ɗawafi ina lissafin yadda zan fara masa magana.

Ranar da za mu taho Hajja ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce in gaya wa Baffa ita ce, tsohuwar banza ce a Madina ta yi, ya yafe mata don darajar Annabin da take maƙwabtaka da shi. Ta cusa wa Walida dabino a hannu biyu, ta juya ciki tun motar ba ta tashi ba.

Kwana biyu da sauka muka tafi Kazaure. Bayan an gama gaisuwa an raba tsaraba, Baffa ya kira mu zaure. Na ajiye gafakar a gabansa, Abban Walida ya ajiye faifan a gefe. Na faɗi abin da ya faru tun bai kwance ba, na isar da saƙon Hajja. Ya kwance igiyar, ya bi fallayen a hankali har ya kai ga mai jan zare. Ya ɗaga shi ya duba ta hasken ƙofa, ya juya bayansa.

Ya ce addu'ar tana kansa, ko cikin barci zai iya rubuta ta. Sai dai a wannan fallen ne mahaifinsa ya kama hannunsa ya fara koya masa riƙon alƙalami, layin ƙarshe ma shi ya rubuta shi yana yaro, a karkace. Ban taɓa sanin haka ba.

Walida tana ta tattaka buzunsa. Ya jawo ta ya ɗora a cinya, ya dube ta.

"Ta sha duka?"

Na ce ta sha.

"To, Allah Ya sa ya bi jiki. Ita baiwar Allah ta Madina na yafe mata. Ke ma haka."

Abban Walida ya matsa ya fara bayanin faifan, yadda sauran shafukan duka suke ciki, yadda yanzu ya ƙware, ba za a sake kuskure ba, a nan zauren ma zai iya kawo kyamara ya yi aikin a gabansa. Baffa ya saurare shi har ya gama. Ya ɗauki faifan ya juya shi, ya ga fuskarsa a ciki, ya miƙa masa abinsa. Sannan ya mayar da fallen wurinsa, ya ɗaure gafakar, ya tashi da kansa ya kai ta ɗaki. Muna ji ya buɗe adakar, muna ji ya rufe ya sa kwado.

Na je Kazaure bayan nan ba sau ɗaya ba. Yana wasa da Walida, yana tambayar lafiyar mijina, bai taɓa tayar da maganar ba. Inna ta ce mini da damina ta ga garin ƙasa irin na gara a bayan adakar, ta share, washegari ya dawo.